Koyar da Romeo da Juliet ga 'yan aji biyar: ta ina zan kama?

Tambaya: Wata malamar adabin Turanci a makarantar sakandare ta jeka-ka-dawo ta rubuto cewa an ba ta wasan Shakespeare na Romeo da Juliet ta koyar da 'yan aji biyar, maza da mata a haɗe. Turancin ya fi ƙarfin yaran, littattafan ba su ishi rabin ajin ba, kuma da an zo kan maganar soyayya sai ƙus-ƙus da dariya su tashi. Wani uba ma ya tako har makaranta, ya ce ana koya wa 'ya'yansu bijire wa iyaye da kashe kai. Ta ce ta rasa ta inda za ta ɓullo wa lamarin.

Amsa: Malama, sannu da fama. Na daɗe ina koyar da wasan nan, kuma duk abin da kika lissafa na san shi. Bari mu fara da maganar uban, don ita ce mai nauyi, amsarta kuma ita za ta tsara miki zangon gaba ɗaya.

Mutumin nan bai yi laifi ba da ya zo. 'Yarsa ce, kuma abin da ya kai kunnensa shi ne akwai wani littafi da yarinya ta yi aure a ɓoye, daga baya ta hallaka kanta. Ki zaunar da shi a gaban shugaban makaranta, cikin girmamawa, ki ba shi labarin da kanki. Ki nuna masa cewa a duk tsawon wasan sau 4 kawai Romeo da Juliet suka yi magana da juna: a wurin liyafa, a lambu da dare, a ɗakin limamin coci Fada Laurence na ɗan ƙanƙanin lokaci, sai asubar da suka rabu. Sauran duk gaba ce tsakanin gidan Montague (gidan su Romeo) da gidan Capulet (gidan su Juliet) a birnin Verona na Italiya, da faɗan titi, da manya masu yanke hukunci cikin fushi ko cikin tsoro. Mutum 6 ne suka rasa rayukansu. Biyar matasa ne: Mercutio abokin Romeo, Tybalt ɗan'uwan Juliet, Paris mai neman aurenta, sai Romeo da Juliet. Ta shida mahaifiyar Romeo ce, baƙin cikin korar ɗanta ya kashe ta. Kuma har aka gama wasan ba wanda ya faɗi abin da ya haddasa gabar, ana dai cewa tsohuwa ce. Labarin gari ne da dattawansa suka kasa kashe wuta har ta ci 'ya'yansu. Uba mai hankali idan ya ji haka yakan sauko, domin shi ma ya san gidajen da aka daina gaisawa tun zamanin kakanni, jikoki na ta riƙo ba su san mafari ba.

To a cikin aji, abin da nake fara yi tun ba a buɗe littafi ba shi ne in samo babban kwali, in raba shi gida 5, in rubuta Lahadi, Litinin, Talata, Laraba, Alhamis, in manna a bango. Duk fitowar da aka karanta, ɗalibi ɗaya ya tashi ya rubuta abin da ya faru a ƙarƙashin ranarsa. Ki gwada ki gani. Lahadi da safe an yi faɗa a titi, Romeo kuma yana ta kukan wata yarinya mai suna Rosaline da ta ƙi shi. Don ya gan ta ma ya yarda ya je liyafar gidan Capulet. Lahadi da dare ya ga Juliet, kafin gari ya waye sun yi alkawarin aure. Litinin da rana an ɗaura. Litinin ɗin nan dai, ba a jima ba, Tybalt ya kashe Mercutio, Romeo ya kashe Tybalt, Yarima Escalus mai mulkin Verona ya kore shi daga garin. Da daren Litinin Capulet ya yi wa Paris alkawarin ba shi Juliet ranar Alhamis. Talata da asuba Romeo ya kama hanyar garin Mantua, aka sanar da Juliet maganar auren, ta ruga wurin Fada, ya ba ta maganin da zai kwantar da ita kamar gawa tsawon awa 42. Ta dawo gida ta nuna ta haƙura, sai uban, don murna, ya jawo bikin daga Alhamis zuwa Laraba. Wannan kwana ɗaya da ya rage shi ya matse duk dabarar Fada. Laraba da safe aka same ta a kwance, aka ɗauka ta rasu.

Ranar da kwalin ya cika ba sai kin yi wa'azi ba. Za ki ji wata daga baya ta ce, "Malama, ashe ko kwana ɗaya ba su yi da haɗuwa ba suka yi aure?" Wani ya ce, "Kuma da safe wata yake so!" Abin da kike so su gano ke nan, gara kuma ya fito daga bakinsu. Idan ke kika faɗa, sun ji malama tana faɗa kamar yadda ta saba. Idan su suka gano, ya zauna.

A nan ne za ki shigo da ɗan tarihi, kaɗan kawai, iya abin da zai yi aiki. Shakespeare bai ƙirƙiri labarin ba. Marubutan Italiya sun riga shi, irin su Luigi da Porto da Matteo Bandello, sannan wani Bature ɗan Ingila mai suna Arthur Brooke ya mayar da shi doguwar waƙa a 1562. Daga waƙar nan Shakespeare ya ɗauka, ya rubuta nasa wajajen 1595, aka fara buga shi a 1597. Abubuwa uku ya sauya da suka kamata yara su sani. A wurin Brooke labarin ya ɗauki watanni, shi ya dunƙule shi cikin kwana 4 zuwa 5. A wurin Brooke Juliet ta kusa shekara 16, shi ya mayar da ita 13, saura sati biyu da 'yan kwanaki ta cika 14, alhali galibin matan Ingila na zamanin sai sun haura 20 suke aure. Masu kallo a Landan da kansu sun ga yarinya ce ƙarama. Na uku, Brooke ya buɗe littafinsa da gargaɗi, yana zargin masoyan biyu da bin son zuciya da ƙin jin maganar iyaye. Shakespeare ya zubar da wannan gargaɗin, ya buɗe da 'yar waƙa mai layi 14 da ta ɗora nauyin a kan gabar gidajen biyu. Ki tambayi ajin me ya sa mutum zai rage kwanaki, ya rage shekaru, ya cire wa'azi. Ni a ganina yana so mai kallo ya ji saurin a jikinsa, ya kuma waiga ya tambaya ina manya suke.

Saboda haka tambayar da nake ɗora zangon a kanta ita ce: wa ya isa ya tsayar da abin nan, a wace rana, kuma me ya hana shi? Kada ki tambaye su "laifin wa?" Wannan tana raba aji biyu, maza su ce Juliet, mata su ce Romeo, a yi ta musu har a kaɗa ƙararrawa. Amma idan kika ce su nemo ranar da mutumin, dole su koma cikin littafi.

Kuma akwai abin nema. Capulet da farko uba ne mai hankali. Da Paris ya zo neman aure, cewa ya yi 'yarsa ba ta isa ba, a bari shekara biyu su wuce, kuma ya je ya nemi soyayyarta, don yardar uba rabi ce, sai ta amince. A wurin liyafa da Tybalt ya gane Romeo ya so ya far masa, Capulet ne ya hana, har ya ce mutanen gari suna yabon yaron da natsuwa. Yara kan yi mamaki idan sun ga wannan, don yana nuna cewa ba wanda ya gwada zuwa ya yi masa magana. Fada Laurence kuwa da bakinsa ya ce wa Romeo a bi a hankali, mai gudu shi ke tuntuɓe, amma a ranar ya ɗaura auren a ɓoye, da fatan zai sulhunta gidajen. Niyyarsa kyakkyawa ce. Sai dai tun daga nan duk lokacin da gaskiya za ta yi magani, sai ya zaɓi wata dabarar. A ƙarshe ma da Juliet ta farka a makwancin gawawwaki ta ga mijinta a mace, Fada ya ji motsin masu gadi, tsoro ya kama shi, ya fita ya bar yarinya 'yar shekara 13 ita kaɗai. Yarima ma ya amsa da kansa cewa kau da kai da ya yi ta yi ya jawo masa asarar 'yan'uwansa biyu, Mercutio da Paris.

Fitowar da nake ba darasi biyu cur ita ce ta 5 a kashi na 3. Ki ture tebura gefe, ki fito da yara huɗu: Juliet, uwarta, ubanta, da uwar goyonta, wadda ta shayar da ita ta raine ta. Ki zana da'ira da alli a ƙasa, Juliet ta tsaya a tsakiya, sauran ukun a kusa da ita. Dokar ita ce duk wanda ya juya mata baya a magana, ya fita daga da'irar. Uban ne zai fara. Juliet ta durƙusa tana roƙon ya saurare ta ko da kalma ɗaya, shi kuwa ya ce ko ta auri Paris ranar Alhamis, ko ta fita titi ta yi bara ta mutu da yunwa, ba zai sake kallonta a matsayin 'ya ba. Ya fita. Ta juya ga uwarta tana roƙon a ɗaga ko da wata ɗaya, ko sati ɗaya. Uwar ta ce kada ta yi mata magana, ta yi abin da ta ga dama, ita ta gama da ita. Ta fita. Saura uwar goyo, wadda ta san auren ɓoyen, ita ce ma ta yi ta kai saƙo. Juliet ta ce ta ba ta shawara. Tsohuwar ta ce ai Romeo ya tafi ba dawowa, gara ta auri Paris, ya ma fi shi. Ita ma ta fita. A nan ki bar ajin ya yi shiru na ɗan lokaci, yarinya ɗaya a tsaye cikin da'irar alli. Dariyar da kike kuka da ita ba ta zuwa a wannan darasin. Daga nan sai ki tambaya: yanzu wa ya rage mata, me ya sa kuma ta yarda ta sha maganin da ita kanta take tsoron ko guba ce?

Ki lura da fuskoki a ranar. Mai yiwuwa akwai yarinyar da ake irin wannan magana a gidansu. Kada ki kira sunan kowa, kada ki ce wani ya ba da labarin gidansu. Wasu za su kawo hadisin da ya ce ba a aurar da budurwa sai an nemi izininta, wasu su kawo haƙƙin iyaye, wasu su ce auren Romeo da Juliet ma ba aure ba ne tunda ba waliyyi. Ki saurare su duka, ki yaba musu da tunani, amma ki ce hukuncin shari'a na malamin addini ne, mu a nan muna duba abin da mutanen Verona suka yi bisa dokarsu. A cocin Katolika na da, auren ɓoye abin ƙi ne amma yana ɗauruwa, shi ya sa Juliet take ganin auren Paris a matsayin aure kan aure, zunubin da ba za ta iya ba. Ki kuma nuna musu cewa a lambu Juliet ce ta ce abin ya yi sauri da yawa, kamar walƙiya, ita ce kuma ta ce idan da gaske yake to ya zo da maganar aure. Yarinyar ta fi Romeo tunani nesa ba kusa ba, ya kamata 'yan matan ajinki su ga haka.

Maganar ƙaddara za ta taso, tunda waƙar buɗewa ta ce taurarinsu ne suka saɓa. Ki bambance musu: taurarin da Romeo yake ambata duba ne irin na masu lissafin taurari, ba imani da ƙaddara irin wanda suka koya a Islamiyya ko a coci ba. Akwai abubuwan da ba hannun kowa: baran Capulet bai iya karatu ba, sai ya miƙa wa Romeo takardar gayyata ya karanta masa. Fada John da aka aika Mantua da wasiƙar da za ta sanar da Romeo cewa Juliet tana da rai aka kulle shi a gida saboda zargin annoba. Annoba ta rufe gidajen wasa na Landan tsakanin 1592 da 1594, masu kallo sun san wannan kullen, yaranki ma sun ɗanɗana irinsa a 2020. Amma ki sa su ƙirga: tsautsayi nawa, zaɓin mutum nawa? Za su ga zaɓin ya rinjaya.

Yanzu kashe kai. Wannan kada ki yi masa sakaci, kuma kada ki tsallake shi, don yara sun riga sun san ƙarshen, shirunki zai bar su da abin da suka gani a waya. Ki faɗa a sarari cewa Musulunci da Kiristanci duk sun haramta shi, kuma wasan kansa ya san haka: a kashi na 3, fitowa ta 3, da Romeo ya zaro wuƙa, Fada ya tsawata masa ƙwarai, ya kira abin aikin halaka, ya lissafa masa ni'imomin da yake da su. Sannan ki nuna musu cewa mutuwar Romeo kuskure ce tsagwaronta. Yana tsaye a kan Juliet yana cewa har yanzu leɓunanta da kumatunta da ja, mutuwa ba ta taɓa kyawunta ba. Alamar rai yake gani, bai tsaya ya yi tunani ba. Da ya jira kaɗan da ta farka. Kada ki bari a yi kwaikwayon wannan fitowar da kwalba ko wuƙa, kada a tsaya kan yadda aka yi, kada kuma ki ba da aikin gida irin "rubuta wasiƙar ban kwana ta Juliet". Ki mayar da hankali kan waɗanda aka bari: iyaye uku a tsaye kan gawar 'ya'yansu, suna alkawarin gina gumakan zinariya da ba za su dawo da kowa ba. Ki ce wa ajin, da muryar uwa, duk wanda abu ya yi wa nauyi ƙofarki a buɗe take. Idan wani ya zo, ko kika ga ya sauya, ya daina magana, ya rubuta abin da ya tayar miki da hankali, ki kai maganar ga malamin ba da shawara da shugaban makaranta a ranar, kada ki riƙe ta ke kaɗai.

Sai Turancin. Kada ki ce za a karanta kowane layi, zangon ba zai isa ba, yaran kuma za su tsani littafin. Ki ba da labarin gaba ɗaya a darasin farko, da Hausa ma idan ya kama, tunda Shakespeare da kansa ya faɗi ƙarshen a layuka 14 na farko. Sannan ki zaɓi fitowa kamar 8 ko 10 a karanta su da kyau, a tsaye, da murya, sauran ki taƙaita. Rashin littafi ba zai hana ba: ki rubuta layi 20 a allo ko ki yi hoton shafi ɗaya, a raba wa rukuni-rukuni. Ki fara da faɗan barorin gidajen biyu a fitowar farko, inda wani ya ciji babban yatsansa ga abokan gaba. Ki ce musu daƙuwar mutanen wancan zamani ce, nan take za su gane, su kuma gane irin samarin da ke neman faɗa amma suna tambayar ko doka na bayansu. Samarin ajin da suka ɗauka littafin mata ne a nan ake kama su, Mercutio kuma ya riƙe su har tsakiyar wasa.

Ki sa kowane rukuni ya mayar da gajeriyar fitowa zuwa Hausa ya gabatar. Ba sabon abu ba ne, marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya fassara wani wasan Shakespeare da sunan Daren Sha Biyu. Yaron da ya yi gumi yana neman yadda Capulet zai yi fushi da Hausa ya fahimci layin fiye da wanda ya haddace ma'anar kalmomi. Bayan nan a koma ga Turancin a sake karantawa, za ki ji muryarsu ta sauya.

Wuraren soyayya kuwa, ba taɓa juna, ba haɗa namiji da mace a gaban aji. Mata biyu su karanta, ko maza biyu, ko ki raba ajin gida biyu, ɓangare ɗaya Romeo, ɗaya Juliet, su karanta tare. Ki gaya musu a zamanin Shakespeare yara maza ne ke fitowa a matsayin mata, sai a 1660 mata suka fara hawa dandamali a Ingila. Ki ba su aikin da zai ɗauke hankalinsu daga kunya: maganar farko da masoyan suka yi a liyafa, idan aka haɗa layukansu, waƙa ce mai layi 14 da amsa-amo a tsare, irin ta buɗewa. Su ƙirga, su gano amsa-amon, su duba wa ya fara wa ya ƙarasa. Mai ƙirga layi ba ya samun sararin ƙus-ƙus. Batsar Mercutio da ta uwar goyo da ta barorin nan kuma ba sai kin warware ba. Idan an tambaya ki ce maganar banza ce irin ta majalisar samari, ki wuce, kada dai ki yi musu ƙarya a kan ma'anarta.

Idan za ki nuna fim, ki kalla tukuna ke kaɗai. Na Franco Zeffirelli na 1968 ya fi kusa da littafin a sutura da wuri, amma akwai wurin tsiraici da dole ki tsallake. Na Baz Luhrmann na 1996 ya mayar da labarin zamanin bindiga da mota, kuma ya sauya ƙarshen, ya sa Juliet ta farka Romeo bai gama cikawa ba, ya kuma cire kashe Paris. Yaron da ya dogara da shi zai rubuta abin da babu a littafi. Gutsure na minti 5 zuwa 10, bayan an karanta fitowar, ya wadatar.

Game da jarrabawa, WAEC kan ɗauko 'yan layuka daga wasan Shakespeare da aka sa a manhaja, ta tambayi wa ya faɗa, ga wa, a ina, me ya faru kafin nan. Ki saba musu da wannan tun yanzu: kowane darasi ki buɗe da layi biyu ko uku a allo, minti 5, su amsa tambayoyin nan huɗu. Aikin ƙarshen zango kuma, kowa ya zaɓi babba ɗaya daga cikin Capulet, matarsa, uwar goyo, Fada da Yarima, ya rubuta shafi biyu a kan lokacin da mutumin ya isa ya tsayar da abin, ya kawo hujja daga fitowa biyu aƙalla, da lambar kashi da ta fitowa. Ki ba da maki mafi yawa ga hujjar, ko da ra'ayin ya saɓa wa naki.